Katangar da Na Hana Yaya Garba Yaɓewa

Ba don abin da kunnena ya jiye mini ranar sunan jikata ba, da ban rubuta wannan babin ba, da na tsallake zuwa labarin aikin hajjina, wanda ya fi daɗin faɗa. Muna zaune a zauren gidanmu na Kwarbai, an gama rabon goro, ana hira kan wata tsaga da ta fito a jikin sabon shagon maƙwabta. Sai kai Kabiru, babban ɗana, da bakinka ka ce wai ko Baba Garba ne ya dawo duniya ya gina musu. Aka kwashe da dariya. Nasiru, ɗan marigayin, yana gefenka, ya yi murmushin nan irin na wanda ya saba, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ban ga laifinka ba, Kabiru. Abin da ka taso ka tarar ana faɗa ke nan, cewa yayana Garba shi ne maginin da ɗakin mahaifiyarsa ya faɗi a hannunsa. Ni ne na bar maganar ta yi shekara talatin tana yawo a unguwa. To yau zan faɗi yadda aka yi, don ku da 'ya'yan Yaya Garba ku sani, sunan nan da aka ɓata masa ba shi ya ɓata shi ba.

Mahaifinmu magini ne, na ƙasa, tun ba a san bulo ba. Mu biyu ya bari maza. Yaya Garba ɗan fari, shi ya gaji hannun, ni Ɗalhatu auta aka tura boko. Ku da kuka taso yanzu uwa tana rungumar ɗanta na fari a gaban mutane ba za ku gane ba, amma Inna, kakarku, har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kira sunan Yaya ba. Kunyar ɗan fari. "Wancan" take ce masa. Yana tsaye a gabanta za ta juyo gare ni ta ce in gaya wa wancan tuwonsa yana hucewa. Ba ta yaba masa, ba ta kare shi, ba ta haɗa ido da shi, ko da kuwa shi ne yake riƙe da gidan gaba ɗaya. Ni kuwa ko randa na fasa, randar ce ta tare hanya. Ɗakin da take ciki mahaifinmu ne ya gina mata da hannunsa, da rufin ɗaurin guga, irin mai bakuna da ke haɗuwa a tsakiya, azara jere kamar an zana. Bayan rasuwarsa an yi an yi da ita ta koma ɗakin gaba da ya fi iska, ta ce sai dai a fitar da gawarta.

Ni a lokacin ina aiki a wata cibiyar binciken noma a wajen gari. Kada ku ɗauka wani babban abu ne. Mai tara ƙwari ne ni. In fita gona da raga da kwalabe, in kamo abin da ke cin auduga da dawa, in soke su da allura a jikin allo, ƙanana kuma in zuba su a ruwan sifirit don kada su ruɓe, in manna takarda in rubuta inda aka same su. Shekara goma sha uku ina wannan. A unguwa Malam Mai Ƙwaro ake ce mini, Yaya kuma in ya so tsokana sai ya ce gwamnati ta rasa abin yi, ta ɗauki ƙato da gemu yana bin fara. Amma ina son aikin, wallahi ina sonsa. Abin da ke cin raina ɗaya ne. Ni nake kamowa, ni nake fara gani, amma in takarda ta fito ba ka ganin sunana ko a ƙasan shafi.

A bayan ɗakin Inna akwai wani siririn lungu da ba kowa ke shiga ba, ta nan rariyar makewayi ta bi ta fita waje. Indararon ɗakin, wato bututun da ke zubo da ruwan rufi, ya tsage tun daminar baya, ruwa yana bin jikin katangar. Da wannan da na rariya, gindin katangar ya zama kullum cikin laima, ya yi gansakuka, ƙasa ta zaizaye ta bar wani ɗan kogo da hannu zai shiga. Wata safiya bayan ruwan farko na shiga neman kazar Inna da ke ɓoye ƙwai, na ɗaga wani fasasshen tulu da ya rufe bakin kogon, sai ga wani ɗan ƙwaro. Jikinsa bai fi ƙwayar dawa ba, launin jar ƙasa, ƙafafu takwas sirara. Duk wanda ya gani zai ce gizo-gizo ne, amma ba shi ba ne. Ba ya saƙa yanar gizo, ba shi da dafi, kuma jikinsa dunƙule yake guda, ba shi da ƙugu irin na gizo-gizo. Da na sa madubin aljihuna na duba, sai na ga bayansa da tauri kamar an sa masa sulke, idanu biyu a kan wani ɗan tudu, hannuwan gaba kuma duk ƙaya. Na taɓa shi da tsinke, ya saki wani wari mai hawa hanci, amma bai gudu ba. Irin waɗannan halittu da haske ya taɓa su suke shigewa. Wannan ya kafe. Na ƙara dubawa, ashe a kan ƙwai yake, farare, ƙanana, manne da ƙasa. Ban san masa suna da Hausa ba, har yau ban sani ba, sai na riƙa ce masa mai sulke.

Na samu wasu biyu irinsa a ƙarƙashin wani dutse a lungun, na sa a kwalba na kai wa Dakta, shugabana a wurin aiki. Ya daɗe a kan na'urar ƙara girma, ya jawo littattafai, ya mayar. Ya ce danginsu sanannu ne, amma wannan bai same shi a littafi ba, kuma ba lallai ne wani ya taɓa kula da shi ba, tunda ba ya cin amfanin gona balle a damu da shi. Sai na gaya masa abin da na gani kwana uku a jere. Wata mai kauri ta zo ta zuba ƙwai ta tafi, siririn nan shi ya zauna yana gadi.

"Ɗalhatu, kana nufin uban ne yake gadin ƙwan?"

"Haka nake zato, ranka ya daɗe."

"Zato ba ya shiga takarda. Ka bar shi, kada ka taɓa. Ka riƙa rubuta abin da ka gani kullum. In ƙwan sun ƙyanƙyashe, ka kawo mini mai gadin mu duba. In namiji ne, za mu rubuta, kuma sunanka ne a gaba, don kai ka gani. A ina yake?"

"A wani kango ne a cikin birni," na ce.

Kun ji ƙaryar farko. Ɗakin uwata na kira kango, don na san in na ce gindin katangar da mutum ke kwana a bayanta ne, zai ce in kwashe abina a gyara. Dakta ba shi da laifi a wannan labari ko na ƙwayar gero.

Gidan ƙasa ba irin na siminti ba ne da za ka gina ka manta. Kowace shekara kafin damina ta kankama sai an yi masa yaɓe. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu, a bi rufi da katanga a toshe duk tsaga, a gyara indararo, a cike gindin da ruwa ya ci. Wanda ya tsallake shekara ɗaya ya san abin da ya saya. Wannan kowane yaro a gidan magina ya san shi, ni ma na sani, ba wanda zai ce boko ya mantar da ni. A shekarar Yaya ya gama wa mutane nasu har Ƙofar Gayan, sannan ya juyo gida. Ya yi zaure, ya yi ɗakunan gaba, ya yi rufin Inna. Ranar da zai shiga lungun na same shi da safe yana kwaɓa ƙasa da ƙafa, wando naɗe har gwiwa.

"Yaya, alfarma nake nema. Ka bar mini bayan ɗakin Inna, mako biyu kawai."

"In bar maka shi ka yi me? Ka ga gindin katangar nan kuwa? Ruwa ya cinye ta kusan rabi."

Na ja shi lungun, na ɗaga tulun, na ba shi madubi. Ya durƙusa da ƙyar, ƙasa duk a hannunsa, ya rufe ido ɗaya. Na zaci dariya zai yi mini. Sai ya ƙara matso da madubin.

"Ikon Allah. Kai, wannan ɗan abin har da rigar yaƙi? Kuma ka ce uban ne?"

"Shi nake so in tabbatar. In na tabbatar, sunana zai fito a takarda, Yaya. Har ƙasashen waje za a karanta."

Ya miƙe, ya ɗora tafin hannu a jikin katangar, ya ɗan bubbuga ta yana saurare, kamar yadda mahaifinmu yake yi. Ya dubi sama.

"Mako biyu za ta ɗauka. Fiye da haka ban lamunce ba. Ka ji ni, Ɗalha?"

"Na ji."

Da ƙwan sun ƙyanƙyashe a mako biyun nan, da yau ba abin da zan rubuta. Amma abin da ban sani ba, ba mace ɗaya ke zuwa ba. Kowane 'yan kwanaki sai in tarar an ƙara sababbin ƙwai a gefen tsofaffin, farare tas, na farkon kuma sun fara duhu amma ba su fashe ba. Shi kuma yana nan, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana share su da bakinsa. Rannan da idona na ga tururuwa ta nufo su, ya ɗaga hannuwan nan masu ƙaya ya kore ta. Ya rame har na fara jin tausayinsa. Kullum bayan sallar asuba ina lungun a tsugune da littafina, sauro yana cizona, Inna tana ce wa matan gida a bar Auta, karatu yake yi. Mako biyu suka cika na nemi ƙarin ɗaya. Ya cika na nemi wani. Karo na uku Yaya ya tafi ya dawo da sabon indararo a kafaɗa, ya ce aƙalla wannan zai sa. Na tare shi a bakin lungun. Na ce in ya kafa tsani a wurin, ya fasa tsohon, ƙasa za ta zubo ta rufe kogon, kuma in laimar ta ɗauke ƙwan za su bushe. Na ce shekara goma sha uku ban taɓa roƙonsa komai ba. Na ce shi yana da suna a gari, ni me nake da shi? Wannan maganar ita ta kashe masa jiki, kuma na san za ta kashe, shi ya sa na faɗe ta. Ya jingine indararon a zaure.

Kafin mu ankara marka ta shigo, ruwa ba ƙaƙƙautawa. Yaɓe ba ya kama jiƙaƙƙiyar katanga, ko ka shafa zai zame. Lokaci ya wuce. Wata Laraba da safe ya same ni a lungun, ya tura yatsa a gindin katangar, yatsan ya shige kamar a cikin tuwo.

"Yanzu ba maganar yaɓe ake yi ba," ya ce. "Inna za ta bar ɗakin nan har damina ta wuce. Ni in na faɗa ko kallona ba za ta yi ba, ka sani. Kai take ji. Ka je ka gaya mata yau. Ka gaya mata gaskiya, katangar ba ta da gindi."

Na ce to. Kuma a safiyar nan ce ƙwan farko suka fashe. Na gan su, 'yan mitsi-mitsi, farare, suna rarrafe a kusa da ƙafafunsa. Daɗi ya cika ni. Na ce bari sauran su biyo baya, Asabar in ɗauke shi in kai wa Dakta. Da na shiga wurin Inna tana zaune a bakin gado tana tsince shinkafa a faifai.

"Inna, da kin koma ɗakin gaba kwana biyu, ruwan nan ya yi yawa."

"Ɗakin yana yoyo ne?"

"A'a."

"Wancan bai yi masa yaɓe ba ne bana?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma uku ta ishe ni. Amma in na ce bai yi ba za ta ce don me, in ta ce don me sai in ce don wani ƙwaro da nake gadi. Na kalli fuskarta, matar da ba ta taɓa ganin laifina ba.

"Ya yi," na ce.

"To ka rabu da ni. Ɗakin da mahaifinku ya gina ba ruwan bana ne zai kore ni daga ciki ba. Ka karya kuwa?"

Da Yaya ya tambaye ni na ce na gaya mata ta ƙi. Ya ce gaskiyar na gaya mata? Na ce eh. Ya ce to zai nemo azara ya tokare katangar, da zarar ruwa ya ɗan tsagaita. Ruwa bai tsagaita ba.

Ranar Juma'a ce. Mun dawo daga masallaci a jiƙe, muna zaure muna karkaɗe riguna, sai muka ji wata ƙara mai nauyi, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhuna daga mota. Sai salatin mata. Katangar baya ta zame ta gindi, rufin ya biyo ta. Ni na tsaya a tsakar gida ina kallo. Yaya kuwa da farar rigarsa ta Juma'a ya faɗa cikin taɓon, yana tono da hannu, yana cire azara ɗaya bayan ɗaya, don ya san yadda aka jera su, ya san wadda in ka ja sauran za su rufto. Allah ya taimaka, Inna tana wajen ƙofa, za ta ɗauko buta. Azara ɗaya ce ta same ta a ƙugu. Ya ɗauko ta a hannu kamar jaririya, kuma ina jin wannan ne karo na farko da ya taɓa jikinta tun da aka yaye shi. An kai ta asibiti, an kira maɗori, kowa ya yi iyakarsa. Ta rayu, amma ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba sai an riƙe ta.

Washegari mutane suka cika gidan suna jaje. A cikinsu akwai wani dattijo cikin manyan maginan birni, abokin mahaifinmu, wanda in ya yaba wa magini ya samu aiki, in ya yi shiru a kansa an gane. Ya zagaya lungun da sandarsa, muna biye. Ya sunkuya ya ɗebi ƙasar gindin ya murza. Ya dubi tsohon indararon da ke kwance a tsage. A gaban kowa ya yi tambayar.

"Garba, wa ya yi wa gidan nan yaɓe bana?"

"Ni ne, Baba."

"Nan wurin bai ga sabuwar ƙasa ba. Ka tsallake shi?"

"Na tsallake."

"Ka ga gindin kafin ruwa?"

"Na gani."

"Ɗakin mahaifiyarka, Garba? Ɗakin da ubanka ya gina?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Dattijon ya karkaɗe hannu ya fita. Ina tsaye taku biyu daga wurin, littafin da nake rubuta labarin mai sulke yana aljihuna, ina jin nauyinsa. Ban ce uffan ba. Ba wanda ya rufe mini baki, tsoro ne da son kai, ba na neman wani suna in sa musu.

Da mutane suka watse na bi shi bayan gida inda yake wanke ƙafa. Na ce zan je in faɗa. Ina ganin har a lokacin so nake ya hana ni, kuma ya hana.

"Ka faɗa wa wa? Ni ne magini, ni na ga katangar, ni na yarda. Ba ƙarya na yi wa Baba ba. Inna kuma ƙugu ɗaya ya ishe ta. Ni ta saba da ganin laifina, ba zai zame mata sabon ciwo ba. Kai in ta ji, ban san yadda za ta ɗauka ba. Muddin tana raye kada in ji maganar nan a bakinka."

A zatona bai san ƙaryar da na yi masa ranar Laraba ba. Ban gaya masa ba.

Abin da ya biyo baya kun ga ƙarshensa, ba ku ga farkonsa ba. Bazarar da ta zagayo ba wanda ya aiko a kira Yaya yaɓe. Gidajen da shekara ashirin shi ke hawa rufinsu suka nemi wasu. Ba wanda ya zage shi, a birni ba a haka, a gaishe ka da fara'a ne a wuce. Mutumin da ya iya ɗaurin guga ya koma yi wa masu bulo lebura, yana miƙa wa yaran da ya girma siminti a kwano. Wannan Baba Garban kuka sani, mai furfura da farar ƙura a gira, shi kuke tsokana. Da ya sake gina wa Inna ɗaki, ta koma ciki abinta. Sau ɗaya dai, yana tsaye a bakin ƙofa, ta ce da ni in gaya wa wancan ya daina sunkuyar da kai in ya shigo, ɗaki ai ƙasa ne. Iyakar abin da kunya ta bar ta ta ba shi ke nan, kuma na ga ya fita da sauri yana goge ido. Mai sulke kuwa, na tona wurin ban ga ko ƙafarsa ba. Ba mai gadi, ba hujja, ba takarda. Aka yi wa Dakta canjin wurin aiki, biyun da ke kwalba sifirit ɗinsu ya ƙafe suka bushe. Ko wani ya sa wa halittar nan suna daga baya, ni dai ban ji ba.

Inna ta yi shekara huɗu ta rasu. Ku lura da wannan, don nan ne laifina ya fi girma. Alkawarin da na yi wa Yaya ya ƙare ranar da aka binne ta. Shirun da ya biyo baya nawa ne ni kaɗai. Na samu ƙarin girma, na yi ritaya, na je Makka, aka koma ce mini Alhaji, ana kirana sasanta rigima. Kowace shekara faɗar ta ƙara nauyi.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da Yaya. Na je da hantsi, yana kwance a tabarma a ƙofar ɗakinsa yana shan rana. Na zauna na faɗa masa duka, har da abin da na ce wa Inna, cewa ya yi yaɓen. Ina kuka kamar yaro, da gemuna fari. Ya saurara har na gama.

"Na sani," ya ce. "Da ka gaya mata katangar ba gindi, da ta tashi. Matar magini ce."

"Ka sani, Yaya? Duk shekarun nan?"

"To in yi yaya da kai? Ƙanena ne kai. Na yafe, tun tuni. Share fuskarka kada yara su shigo." Ya yi tari, ya juyo da kai. "Abu ɗaya dai na daɗe ina so in tambaye ka, ina jin nauyi. Ƙwan nan. Sun ƙyanƙyashe kuwa?"

"Na farkon sun ƙyanƙyashe. Ranar Larabar nan. Na gan su suna rarrafe."

"Shi kuma yana wurin?"

"Yana wurin. Bai matsa ba."

Ya yi 'yar dariya, ya lumshe ido.

"Madalla. Ɗan banza mai rigar yaƙi. Ai na so shi."

Bayan kwana tara ya rasu. Ya yafe mini, amma yafiyarsa ba ta fita daga tsakar gidan nan ba, a waje maganar tana nan yadda na bar ta, har ta kai bakin ɗana. Saboda haka Kabiru, kai da ka yi barkwancin, kai za ka yi aikin. Juma'a mai zuwa bayan an sauko, ka tara 'yan'uwanka da Nasiru da ƙannensa a zaure, ka kira duk dattijon da ya rage a unguwa, ka karanta musu wannan da ƙarfi, ina zaune a wurin, kada ka tsallake ko layi ɗaya don ka rufa mini asiri. In kun gama ku zagaya gidan, ku ɗora hannu a jikin zauren da ɗakunan gaba da ɗakin da Inna ta rasu a ciki. Duk katangar da Yaya Garba ya taɓa a gidan nan tana tsaye har yau. Wadda ta faɗi ita ce wadda na hana shi taɓawa.